Bikin Bazara na Stravinsky: Tarihin Wata Rawa da Kiɗanta, da Yadda Bahaushe Zai Saurare Su



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau baƙo ne a irin wannan zama. An saba malamin Hausa ya tashi ya yi bayani a kan Narambaɗa ko Shata, ko kuwa a kan waƙoƙin masu jihadi. Ni kuwa zan ɗauke ku zuwa birnin Faris na ƙasar Faransa, cikin shekarar 1913, mu duba wata rawa da kiɗanta waɗanda suka tayar da hayaniya a daren da aka fara nuna su, sa'an nan daga baya masana suka sa kiɗan cikin manyan ayyukan ƙarni na ashirin. Sunan aikin da Faransanci Le Sacre du printemps, ma'anar sunansa da Rashanci kuwa ita ce bazara mai tsarki. Zan riƙa kiransa Bikin Bazara. Sai dai a lura, bazarar Rasha ba irin tamu ba ce mai zafi da ƙishirwa. Lokaci ne da ƙanƙara take narkewa bayan watannin sanyi, koguna su ɓalle, ƙasa ta buɗe. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne saukar ruwan shuka, ranar da ƙasa take ƙamshi, kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona.

Manufata guda ɗaya ce. Ina so in nuna cewa abin da ya firgita mutanen Faris a cikin wannan aiki, watau dukan ƙasa da ƙafa da fifita bugu a kan zaƙin murya, shi ne abin da Bahaushe ya tashi a cikinsa. Abin da zai ba Bahaushe wuya yana wani wurin dabam. In muka gano wannan wuri, mun sami hanyar sauraren aikin, mun kuma ƙara fahimtar yadda namu kiɗan yake tafiya.

Asalin Rawar Bale

Bale rawa ce ta dandamali wadda ake ba da labari da ita ba tare da magana ba. Ta faro a fadojin Italiya cikin ƙarni na 15, ta girma a fadar Faransa, inda Sarki Luwis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661. Rawar fada ce tun asalinta, kuma ta riƙe halin fada: tsayuwa a miƙe, kai a ɗage, tafin ƙafa a buɗe waje, kowane motsi da sunansa da ƙa'idarsa. Cikin ƙarni na 19 mata suka fara tsayawa a kan ƙarshen yatsun ƙafa, domin mai kallo ya ga kamar ba su da nauyi. Burin mai rawar bale shi ne ya ɓoye wahalarsa, ya yi tsalle ya sauka ba a ji saukarsa ba.

Zuwa ƙarshen ƙarnin, gidan wannan sana'a ya koma Rasha. A can ne Tchaikovsky ya rubuta kiɗan Tafkin Agwagin Ruwa, wanda aka fara nunawa a Mosko a 1877. Kiɗan irin wannan rawa yana da zaƙi, yana tafiya daidai wa daida, huɗu-huɗu ko uku-uku, yadda mai rawa zai san inda ƙafarsa za ta sauka tun kafin ya ɗaga ta. Makaɗan ba da ka suke yi ba. Mutum guda ne yake zama ya rubuta abin da kowane mai busa da mai goge da mai ganga zai yi, da alamomi a kan layuka biyar-biyar, sa'an nan wani jagora ya tsaya gabansu da ɗan sanda yana riƙe musu lokaci. Wannan al'ada ce mutanen Faris suka sani, ita suka biya kuɗi su gani.

Mutane Huɗu

Mutane huɗu ne suka haɗu a kan Bikin Bazara, dukansu daga daular Rasha. Na farko Sergei Diaghilev, wanda ba makaɗi ba ne, ba mai rawa ba ne, uban tafiya ne mai ido da kunne, mai iya tara gwanaye da neman kuɗi. Shi ya kawo ƙungiyar masu rawar Rasha Faris a 1909. Na biyu Igor Stravinsky, an haife shi a 1882, ɗalibin Rimsky-Korsakov, wanda ya riga ya yi suna da kiɗan Tsuntsun Wuta a 1910 da Petrushka a 1911. Na uku Nikolai Roerich, mai zane kuma masanin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, wanda ya daɗe yana binciken al'adun mutanen Rasha na kafin zuwan Kiristanci. Shi ya zana tufafi da labule, shi da Stravinsky suka shirya labarin a 1911. Na huɗu Vaslav Nijinsky, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda babu mai tsallensa a zamaninsa, shi aka ɗora wa tsara rawar.

Stravinsky ya ce tunanin ya zo masa a 1910: ya ga dattawa zaune a da'ira suna kallon wata yarinya tana rawa har ta mutu, domin abin bautarsu ya yarda ya ba su bazara. Labarin ke nan, kuma kashi biyu ne. A kashi na farko, wanda ake kira Girmama Ƙasa, samari da 'yan mata suna wasanni, ana satar amarya, ƙabilu biyu suna gasa, sa'an nan a kawo wani tsoho ya sumbaci ƙasa, jama'a su ɓarke da rawa. A kashi na biyu, watau Hadaya, 'yan mata suna zagaye cikin dare, a zaɓi ɗaya, a kira kakanni, ita kuma ta yi rawar ƙarshe. Duka bai wuce kimanin minti 35 ba.

Ya kamata a faɗi tun nan cewa wannan labarin arna ne na jahiliyya, kuma yawancinsa ƙagagge ne. Masu bincike ba su sami shaidar cewa mutanen Rasha na da sun taɓa sa budurwa rawa har ta mutu ba. Mutanen birni ne masu ilmi suka zauna suka ƙiyasta yadda kakanninsu suka rayu. Za mu komo kan wannan batu.

Daren 29 ga Mayu, 1913

An fara nuna aikin ranar Alhamis, 29 ga Mayu, 1913, a wani sabon gidan wasa mai suna Théâtre des Champs-Élysées, wanda bai fi wata biyu da buɗewa ba. Pierre Monteux ne jagoran makaɗa, su kuwa sun kusa ɗari. Maria Piltz ce ta fito a matsayin yarinyar da aka zaɓa. An buɗe daren da wata rawa irin ta gargajiya, 'yan mata cikin fararen kaya suna shawagi. Sa'an nan aka shiga Bikin Bazara.

Tun a gabatarwar kiɗan aka fara jin dariya da gunaguni. Da aka ɗaga labule sai ga mutane cikin manyan riguna na ƙauye, fuska da fenti, kai a karkace, kafaɗa a sunkuye, yatsun ƙafa a juye ciki, suna tsalle suna dirowa da dukan nauyinsu. Nijinsky ya juya kowace ƙa'idar bale a baibai. Gida ya rabu biyu, masu ihu da fito da masu tsawata musu, har masu rawa suka daina jin kiɗan. Stravinsky ya bar kujerarsa ya koma bayan dandamali, inda ya tarar da Nijinsky tsaye a kan kujera yana ƙwala wa masu rawa ƙirge da Rashanci. Monteux bai tsaya ba, aka kai wasan ƙarshensa.

Labarin wannan dare ya yi ta ƙiba a bakin masu ba da shi, kowa yana ƙara gishiri, har wasu suka mai da shi tarzoma. Abin da ya tabbata shi ne an yi hayaniya mai yawa, kuma yawancinta a kan rawar ne, domin kiɗan ma ba a ji shi sosai ba. Shaidar haka ita ce, cikin Afrilu 1914 Monteux ya sake kaɗa shi a Faris ba tare da masu rawa ba, jama'a suka saurara tsit, da aka gama matasa suka ɗauki Stravinsky a kafaɗa suka fita da shi titi. Ƙasa da shekara guda ke nan tsakanin ihu da kirari.

Bari mu waiwayo gida mu ga halin da ake ciki a wannan shekara. A 1913 Kano tana shekara goma a hannun Turawa, Sarki Abbas yana kan gado. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya fara kankama. Nan kusa da mu a Nassarawa, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a 1909 tana koyar da 'ya'yan sarakuna da malamai. Daminar 1913 kuwa ba ta yi kyau ba, abin da ya jawo yunwar da ta halaka jama'a masu yawa a 1914, wadda a wurare da dama ake kira Kakalaba. Watau a lokacin da masu hali a Faris suke kallon kwaikwayon mutanen da ke tsoron kada ƙasa ta hana su abinci, manoman ƙasar Hausa suna duban sama da wannan tsoron na gaske. Wanda kakansa ya ga Kakalaba ba ya bukatar a fassara masa abin da ke cikin zukatan mutanen da ke kan wancan dandamali.

Yadda Aka Gina Kiɗan

Yanzu sai mu shiga cikin kiɗan kansa. Zan ɗauki abubuwa huɗu.

Na farko, mabuɗi. Aikin yana farawa da muryar abin busa guda ɗaya mai suna basun. Dogon bututun itace ne mai bakin kara biyu, ɗan'uwan algaita ne ta wajen yadda ake busa shi, amma muryarsa kauri gare ta, a ƙasa take zama. Stravinsky ya tilasta shi ya hau can ƙololuwa inda ba a saba jinsa ba, sai muryar ta fito a shaƙe, kamar ta mutum mai kira daga nesa. Sauran kayan busa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da nasa ɗan zance, ba mai jiran wani. Wanda ya taɓa kwana a bakin fadama daren ruwan farko, ya ji kwaɗi da gyare da tsuntsaye kowa yana nasa, ya san irin wannan cakuɗa.

Na biyu, haɗin murya. A kiɗan Turai ana haɗa sauti uku ko huɗu a lokaci guda, waɗanda kunne yake ji sun jitu. Stravinsky ya ɗauki irin wannan haɗi guda biyu, kowanne lafiyayye ne shi kaɗai, amma tazarar rabin mataki ce kawai tsakanin tushensu, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya. Abin da ya fito ba ya zama waƙa a kunne, dunƙulallen amo ne kamar saukar taɓarya a turmi. Ya ba masu goge wannan amo su yi ta maimaitawa. Da haka ya mai da masu goge makaɗan ganga.

Na uku, wurin nauyi, kuma nan ne zuciyar al'amarin. A farkon wannan maimaici akwai bugu 32 masu tsawo ɗaya. Bisa al'ada da sai nauyi ya riƙa faɗuwa a kan kowane bugu na huɗu. Stravinsky ya sa masu ƙaho takwas su riƙa sara a wuraren da ba a zata ba, har bugun ya rarrabu haka: 9, 2, 6, 3, 4, 5, 3. Duk mai so ya gwada da tafin hannu a kan cinya, zai ga hannu yana neman ya sauka inda babu komai. A kashi na biyu, bayan an zaɓi yarinyar, ganguna da goge suna yin duka 11 a jere, ba 8 ba, ba 12 ba. A rawar ƙarshe kuwa awon yana sauyawa kusan kowace gaɓa, uku, biyar, huɗu, biyu. Ɗalibanmu na aruli za su gane abin da sauƙi. Ku ɗauka mawaƙi ya fara baiti da ƙafar Mutaƙarabi, kafin kunne ya zauna ya tsallaka Kamili, ya yanke ƙafar a tsakiya, ya dawo ta farko amma da gaɓa guda a rage. A wurinmu sai a ce waƙa ta karye. Shi da gangan ya karya, kuma ya lissafa kowace karaya.

Na huɗu, yadda sassan suke bin juna. Manyan makaɗan Jamus sun saba ɗaukar ɗan gajeren kari su yi ta renonsa, yana girma yana sauya kama har ya kai ƙarshe. Stravinsky bai bi wannan hanya ba. Yakan ɗauki guntun kari mai sauti huɗu ko biyar, ya yi ta juya shi a wuri ɗaya, ya ɗora wani a kansa, ya ƙara wani, har abin ya cika ya tumbatsa, sai ya datse shi kwatsam ya kama wani. Ginin tubali ne, ana jera su ana ɗorawa.

Daga ina waɗannan guntayen suka fito? Stravinsky ya daɗe yana cewa karin basun na farko ne kaɗai ya aro daga waƙoƙin gargajiya. Bayan rasuwarsa a 1971, masu bincike, musamman Lawrence Morton da Richard Taruskin, suka duba takardunsa na gwaji, suka gano cewa ya ɗebi kari da dama daga wani kundin waƙoƙin mutanen Lituwaniya da aka buga a 1900, da kuma waƙoƙin ƙauyukan Rasha. Ya yanka su, ya murɗa su, har masu su ba za su shaida su ba. Aikin da ake kira tushen kiɗan zamani, ashe da waƙoƙin matan ƙauye aka yi harsashinsa.

Kunnen Bahaushe

To, me Bahaushe zai ji in ya saurari wannan? Akwai abubuwan da ba za su dame shi ba ko kaɗan. Ganga a gaba, murya a baya, wannan gidanmu ne. Guntun kari da ake ta maimaitawa shi ne take, kowane mai sarauta da kowane mai sana'a yana da nasa. Rawar da take neman ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, ƙura tana tashi, ita ce rawar 'yan tauri da ta manoma a wurin gayya in gangar noma ta yi zafi. Bikin buɗe shekarar noma ma ba baƙo ba ne, domin Maguzawan ƙasar Kano da Arnan ƙasar Maraɗi da Gobir sun san buɗin daji. Mutum guda a tsakiyar fage, kiɗa yana ƙara sauri har ya fita hayyacinsa ya yi jifa, wannan duk wanda ya san tarihin bori ya san shi.

A nan akwai abin lura. A cikin waɗannan shekarun ne Turawan mulki suke takura wa masu bori a ƙasar nan, suna kiransa aikin duhun kai, malamanmu kuma tun zamanin Shehu Usmanu suna hani gare shi bisa hujjar addini. Wani Bature mai suna Tremearne ya bi Hausawa har Tunis da Tarabulus yana rubuta abin da ya gani na bori, ya buga littafinsa a Landan a 1914. Watau abin da Bature yake hanawa a Kano, shi ne ɗan'uwansa yake sayen tikiti ya kalli irinsa a Faris. Turai ta wancan zamani tana ƙyamar abin da ta kira na mutanen daji, tana kuma kwaɗayinsa. Masu zanenta suna kwaikwayon sassaƙen Afirka, makaɗanta suna tonon ƙauyukansu.

Amma kada wannan kamanni ya ruɗe mu har mu ce ai kiɗanmu ne Stravinsky ya yi. Babu wata alaƙa ta tarihi tsakaninsa da ƙasar Hausa, kuma akwai bambanci uku masu girma, su ne wuraren da za mu sha wuya.

Na ɗaya, kiɗanmu yana da gindi. Ku saurari ƙungiyar marigayi Mamman Shata: manyan kalangai suna magana, suna zarya, suna saɓa wa juna, amma ƙaramin kuntuku yana nan yana riƙe da awo guda daga farko har ƙarshe. Haka abin yake a kiɗan kotso na Ɗanƙwairo. Duk yawon da babbar ganga za ta yi, akwai zagayen da take komowa gare shi, shi ya sa ɗan kallo yake iya shiga fage ya taka. Stravinsky, a wurare da yawa, gindin ne ya cire. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to shi nasa yana sauyawa kafin ƙafa ta sauka. Bahaushe zai ji ganga tana kiransa, ya ɗaga ƙafa, ya rasa inda zai ajiye ta. Wannan rashin wurin ajiye ƙafa shi ne saƙon. Mai sauraro yana ɗanɗana halin yarinyar da kiɗa yake jifa da ita, ba ta da iko da jikinta.

Na biyu, gangarmu tana magana. Kalangu yana bin hawa da saukar harshen Hausa, mai ji yana fassara shi zuwa kalmomi, ya san wa ake kira, ɗan wane ne, jikan wane. A Bikin Bazara babu kalma, babu suna, babu wanda ake wasawa. Yarinyar ma ba ta da suna, ba ta da uwa a fagen, babu mai tausaya mata. Kiɗan kansa ba ya kuka dominta. Wannan ne ya sa wasu masana suke ganin aikin kamar ya hango abin da ke tafe, domin bayan wata 14 Turai ta shiga yaƙin 1914, dattawa suka zauna suka tura miliyoyin samari ga halaka.

Na uku, manufa. Mai bori yana neman waraka ko biyan bukata, bisa ga imaninsa, in an gama ya yi atishawa ya tashi ya koma gida. Manomi a wurin gayya aiki yake yi, gangar tana rage masa gajiya. A Faris kuwa babu mai neman ruwa, babu mai shuka. Akwai masu yi a sama, masu kallo a kujeru, da tikiti a tsakaninsu. Mu ma mun san wannan sauyi. Rawar koroso da aka harhaɗa a nan Kano cikin shekarun 1970 domin dandamali, da raye-rayen da jihohi suka kai bikin FESTAC a 1977, da abin da 'yan'uwanmu na Nijar suke kira bale a bukukuwan matasa, duk ɗauko rawa ne daga fagenta a ɗora ta a gaban masu zama. Kafin su, Fodéba Keïta na Gini ya yi haka a Faris a farkon shekarun 1950. Kowanne daga cikinsu ya fuskanci tambayar da Nijinsky ya fuskanta: me za a riƙe, me za a yar, kuma wa zai ce an yi daidai?

Kiɗa Ya Tsira, Rawa Ta Ɓace

Tarihin abin da ya biyo baya yana da darasi. Rawar Nijinsky ba a nuna ta ko sau goma ba, a Faris da Landan, duk cikin 1913. A watan Satumba na shekarar ya yi aure ba da sanin Diaghilev ba, aka sallame shi, bayan 'yan shekaru kuma ciwon taɓin hankali ya kama shi har ya rasu a 1950. Da aka so maimaita aikin a 1920, masu rawa sun manta takun, sai Léonide Massine ya tsara sabuwa. Kiɗan kuwa, da yake a rubuce yake, ya zaga duniya. Kamfanin Disney ya sa shi a fim ɗin Fantasia a 1940. A 1977 Amurka ta sa rawar ƙarshe cikin faifan da ta liƙa a jikin kumbunan Voyager da aka harba sararin samaniya.

Sai a 1987 ne Millicent Hodson da Kenneth Archer, bayan shekaru suna tattara zane-zanen 'yan kallo, da tsofaffin tufafi, da bayanan da Marie Rambert, mataimakiyar Nijinsky, ta rubuta a gefen takardar kiɗa, suka sake gina rawar a Amurka. Har yau masana suna gardama a kan nawa ne na Nijinsky a ciki, nawa ne ƙiyasi.

A tsakanin nan masu tsara rawa da dama sun yi nasu a kan kiɗan. Maurice Béjart ya yi a 1959. Pina Bausch ta Jamus ta yi a 1975, ta shimfiɗa ƙasa ta gaske a kan dandamali, masu rawa suna gumi tana manne musu. Daga nan aikin ya biyo hanya zuwa Afirka. Germaine Acogny, wadda ta shugabanci makarantar rawa da Béjart da Shugaba Senghor suka kafa a Dakar a 1977, daga baya ta kafa tata a Toubab Dialaw, bakin teku a Sanagal. A can aka tara masu rawa fiye da 30 daga ƙasashen Afirka fiye da 10 suka koyi tsarin Pina Bausch. Annobar korona ta hana su nunawa a 2020, sai suka taka shi a kan rairayin bakin teku aka ɗauka a fim, sa'an nan suka fara zagaya duniya da shi a 2021. Dada Masilo ta Afirka ta Kudu, wadda ta rasu a 2024, ta ɗauki labarin ta sake shi da takun rawar Tswana da sabon kiɗa.

Kammalawa

Ga wanda yake so ya gwada, aikin yana samuwa a intanet, ko a wayar hannu. Shawarata ita ce ya saurare shi sau uku. A karo na farko kada ya nemi waƙar da zai riƙe, ya bi nauyin bugu kawai, ya lura da inda jikinsa ya zaci duka bai zo ba. A karo na biyu ya bi kayan busa, ya ga yadda guntun kari yake komowa da ɗan sauyi, kamar yadda mai kalangu yake juya take. A karo na uku ya kalli rawar, ta 1987 ko ta Sanagal, ya ga abin da kiɗan yake yi wa jikin mutum. Wanda bai ji daɗinsa ba bayan haka yana da hujja, domin ya saurara kafin ya yanke hukunci, abin da mutanen daren farko ba su yi ba.

Saura magana guda ga ɗalibanmu. Rawar da aka yi a babban birnin Turai, gaban 'yan jarida da masu zane, ta ɓace cikin shekara bakwai saboda ba a rubuta ta ba. To, ina ga takun 'yan hoto, da kiɗan dundufa na maƙera, da taken farauta da tsofaffi ƙalilan suka rage suna riƙe da su? Ɗaukar hoto da waya yana da amfani, amma bai wadatar ba. Sai an zauna da makaɗin an tambaye shi sunan kowane kiɗa, da wanda ya koya masa, da abin da gangar take faɗa, an ƙirga bugun an rubuta, yadda Rambert ta yi a gefen takardarta. Hukumar tarihi da al'adu tana nan Gidan Ɗan Hausa, ba nisa daga inda muke zaune, sassan Hausa na jami'o'inmu kuma suna da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Makaɗan suna nan da ransu a ƙauyukan da ke kewaye da mu, kuma mafi yawansu sun manyanta.